Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisar Dokokin Jihar Kaduna: Asusun Girgizar Ƙasa na Niyu Zilan da Daminar Zariya

Mai girma Shugaban Majalisa, da masu girma 'yan majalisa, musamman wakilanmu na Zariya da Sabon Gari,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ya aiki, ya jama'a. Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni mai awon gini ne mazaunin Zariya. Abincina shi ne lissafin bulo da rodi da siminti kafin a haƙa harsashi, sannan idan gini ya tsage ko ya zube, mu ake kira mu faɗi nawa gyara zai ci. Na rubuto ne a kan girgizar ƙasa da inshora a Niyu Zilan, wata ƙasar tsibirai da ke can ƙuryar tekun Pasifik. Na san wani zai ce me ya haɗa Bazazzagi da wannan. Ku yi mini haƙuri zuwa ƙarshe, akwai roƙon da nake son in yi, kuma ba zai fito fili ba sai na bi ta can.

Niyu Zilan tana zaune ne daidai inda manyan faifan duwatsu biyu na ƙarƙashin ƙasa suke gugar juna, na Pasifik da na Ostareliya. Na'urorinsu kan ɗauki motsin ƙasa wajen sau 20,000 a shekara, mafi yawa ba wanda yake ji. A 1931 girgiza ta rushe garin Napier da kewaye, mutum 256 suka mutu. A 1942 wata ta sake afka wa yankin Wairarapa har ta taɓa Wellington, babban birnin ƙasar, aka daɗe gine-gine na tsaye a tsage saboda masu su ba su da kuɗin gyara, kuma inshorar da suke da ita ta gobara ce kawai. Wannan ne ya sa gwamnati ta kafa hukumar biyan asarar girgizar ƙasa da ta yaƙi, wadda ta fara aiki a 1945. Daga baya aka san ta da EQC, tun watan Yulin 2024 kuma aka sake mata doka da suna, ta zama hukumar bala'o'in da ba hannun mutum a ciki.

Dabarar da suka yi ba ta da wani surkulle. Ba su buɗe ofis suka ce kowa ya zo ya sayi inshorar girgiza ba, don sun san ba mai zuwa. Mutum ba ya ɗaukar kuɗinsa ya kai saboda abin da kakansa ma sau ɗaya ya gani. Sai suka jingina kuɗin a kan abin da mutane suka riga suka saba biya. Duk wanda ya yi wa gidansa inshorar gobara, kamfanin zai ɗora masa wani ɗan kaso ya miƙa wa hukumar. Tun daga Oktoban 2022 kason santi 16 ne a kan kowace dala 100 ta ƙasar, wato bai wuce dala 480 a shekara ba kafin haraji. Idan girgiza ko zaftarewar ƙasa ko aman wuta ko igiyar tsunami ta lalata gida, hukumar ce take ɗaukar dala 300,000 na farko, abin da ya haura haka kamfanin inshora ya cika. Kuɗin da ake tarawa ana juya shi, ana kuma sayen wata inshorar daga manyan kamfanonin duniya domin ranar da asara ta fi ƙarfin asusun. Idan duk wannan ya ƙare, doka ta wajabta wa gwamnati ta cika gibin. Mai gida a kan tsagin dutse da mai gida a inda ƙasa take kwance lafiya kaso ɗaya suke biya, kuma da gangan aka yi haka.

Shekara sittin da biyar ana tarawa, har asusun ya kai kimanin dala biliyan 6. Sai ranar 4 ga Satumba 2010 girgiza mai ƙarfin maki 7.1 ta auku kusa da birnin Christchurch da asuba, mutane na barci, aka yi asarar dukiya amma rayuka suka tsira. Ranar 22 ga Fabrairu 2011 kuwa, da ƙarfe ɗaya saura minti tara na rana, wata mai maki 6.3 ta taso daf da birnin, zurfinta bai wuce kilomita 5 ba, mutane na cikin ofisoshi da kantuna. Mutum 185 suka rasu. A unguwannin gabashin birnin, waɗanda aka gina a kan tsohuwar fadama da yashin kogi, ƙasar ce ta narke. Ruwa da laka mai launin toka suka riƙa ɓulɓulowa ta tsakar gida da tsakiyar kwalta, motoci suka nutse zuwa tagogi, bututun bayan gida suka taso sama, gida yana tsaye da rufinsa amma ɓangare ɗaya ya zauna, ƙofa ba ta rufuwa. Ɗaliban jami'a ne suka fito da shebur da baro suna kwashe lakar gida-gida.

Asusun ya yi aikinsa, wannan ba a musu. Takardun neman diyya sama da 460,000 aka shigar, kuma mafi yawan asarar da aka yi a Christchurch tana da inshora, abin da ba a cika gani ba a ko'ina a duniya. Ku kwatanta da Haiti, ita ma a kan tsibiri take, inda girgizar Janairun 2010 ta kashe mutane fiye da dubu ɗari kuma kusan ba wanda yake da inshora. Sai abin da 'yan agaji suka kawo.

To amma ba zan zo gabanku in yi tallar abin da ban faɗi aibinsa ba, kuma aibin nasa ne ya fi koya mini darasi. Hukumar da ma'aikatanta ba su wuce 'yan gomiya ba kafin girgizar, ta wayi gari da aikin da ya fi ƙarfin dubbai. Aka ɗebo masu duba gidaje da gaggawa, wasunsu ba su taɓa sanin harsashi ba. Ƙasa kuma ba ta daina motsi ba, ƙananan girgiza dubbai suka biyo baya, sai rigima ta tashi a kan wace tsaga ce ta Satumba, wace ce ta Fabrairu, wace ce ta wadda ta biyo baya a Yuni, domin kowace girgiza lissafinta daban, kuma daga nan ake gane ko hukuma ce za ta biya ko kamfani. Mai gida yana tsakiya, wannan ya tura shi wurin wancan. Hukumar ta ɗauki nauyin gyaran gidaje dubbai da kanta ta hannun 'yan kwangila, aka shafe tsaga da filasta aka yi fenti, bayan shekaru aka gano harsashin a karye yake, wasu ma sun riga sun sayar wa wanda bai sani ba. Wani babban kamfanin inshora mai suna AMI, wanda ya tara abokan ciniki da yawa a birni ɗaya, ya kasa ɗaukar nauyin, sai da gwamnati ta tallafe shi. Asusun nan na biliyan 6 ya ƙare ƙarƙaf, musamman da girgizar Kaikoura ta 2016 ta zo ta ƙara, har gwamnati ta sa hannu a aljihu. A 2019, shekara takwas bayan abin, sai da aka kafa kotu ta musamman don sauran shari'o'in da suka maƙale. Kwamitin bincike ƙarƙashin Silvia Cartwright, tsohuwar Gwamna Janar ta ƙasar, ya fitar da rahoto a 2020 da ya tabbatar cewa hukumar ba ta shirya wa babban bala'i ba, kuma mutane sun wahala a hannunta. Wannan fa a ƙasar da ake sa ta a sahun gaba wajen ƙarancin cin hanci ke nan.

Akwai kuma maganar unguwannin da gwamnati ta shata da jan layi ta ce ba za a sake zama a cikinsu ba, wajen gidaje 8,000, akasari a bakin kogin Avon. Ba ta aika katafila da asuba ba. Ta saye gidajen ne a kan ƙimar da aka yi musu a 2007, kafin girgiza ta karya farashinsu. Waɗanda ba su da inshora aka ce rabin kuɗin fili kawai za a ba su, suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 2015 kotu ta ce ba a bi doka ba wajen yanke wannan shawara, daga baya aka ƙara musu. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Cikin mutum 185 ɗin nan, 115 a bene ɗaya suka mutu, wanda ake kira CTV. Binciken gwamnati ya gano cewa zanen ginin yana da naƙasu tun 1986, kuma bai kamata a ba shi izini yadda yake ba. Inshora ba ta dawo da ko mutum ɗaya daga cikinsu ba.

Japan ta bi wata hanyar daban wajen biya, kuma ni a ganina tata ta fi dacewa da mu. Dokarsu ta 1966 ce, bayan girgizar Niigata ta 1964. Ba su yi alkawarin mayar maka da gidanka yadda yake ba. Kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na inshorar gobararka ake yi maka, don ka samu abin tashi. Mai dubawa ba ya zama yana lissafin kowace tsaga. Yana sa gidan ne a ɗaya daga cikin 'yan matakai kaɗan, waɗanda kafin 2017 uku ne: ya rushe gaba ɗaya, ko rabi, ko wani sashe, kowane mataki da kuɗinsa a rubuce. Bayan bala'in 11 ga Maris 2011, inda tsunami ya share gari, hoton sama suka duba suka ce duk gidajen wannan yanki sun tafi, a biya. Cikin 'yan watanni an fitar da sama da yen tiriliyan ɗaya. Kuɗin bai isa gina sabon gida ba, amma ya zo lokacin da ake bukatarsa.

Masu girma, ba na so in tsorata kowa da girgizar ƙasa a Zazzau. Muna zaune a kan tsohon dutse mai kwanciyar hankali, nesa da bakin faifan nan masu gugar juna. Gaskiya ne a Satumban 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi da ke Ƙaramar Hukumar Jaba a jiharmu, bango ya tsattsage, mutane suka kwana a waje, haka kuma a Mpape ta Abuja a 2018. Ya kamata a riƙa sa ido, ga cibiyar Toro a Bauchi tana wannan aiki, ga malaman ilimin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello. Amma duk wanda ya ce wa ɗan Tudun Jukun ya biya kuɗi saboda girgizar ƙasa, dariya za a yi masa, kuma da gaskiyar masu dariyar. Abin da yake rushe mana gida sananne ne, har watan zuwansa mun sani: ruwan Agusta da Satumba, ƙoramar Kubanni idan ta cika ta tumbatsa, magudanar da aka toshe da leda ko aka gina shago a kanta, sai gobarar kasuwa da sanyin hunturu. Ba mu manta da ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 ba, da wani sashe na Babban Masallacin Juma'a na ƙofar fada, ginin da ya haura shekara 180, ya rufta kan masallata ana sallar La'asar. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mun ga Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, mun ga Mokwa a Mayun 2025.

Ga yadda abin yake idan an kira ni bayan ruwa. Katangar ƙasa ba daga sama take mutuwa ba. Ruwa ne yake kwanciya a gindinta kwana biyu, ta jiƙe kamu ɗaya daga ƙasa, ka sa yatsa ya shige. Sama tana nan da yaɓenta kamar ba abin da ya same ta, har dare ɗaya ta zauna gaba ɗaya, azara ta biyo ta. Da safe za ka tarar da maigida a tsaye da wandon da ya kwana da shi, mata sun baza katifa da littattafan yara a kan kwanon maƙwabta, buhun masara ya fara tsiro. Ya tambaye ni nawa, in faɗa, ya yi shiru ya ce Allah Ya kawo. Bayan kwanaki jami'ai su zo da takarda a rubuta suna, a ɗauki hoto. Wanda rabonsa ya tsaga ya samu shinkafa da bargo da bandir ɗin kwano, wanda bai san kowa ba ya ji labari. Sauran kuwa sai 'yan uwa, sai faifan da za a zagaya da shi a masallaci, sai a sayar da akuya ko keken ɗinkin uwargida. Taimakon nan na gaske ne, ban raina shi ba. Illarsa ita ce ba wanda ya san nawa zai samu ko yaushe, kuma ranar da ruwa ya ci unguwa duka, wanda za ka roƙa shi ma yana tsaye a cikin ruwan.

Za a ce mutanenmu ba sa son inshora. Haka ne, kuma suna da dalili biyu. Na farko, inshorar da talaka ya sani ita ce takardar mota da ake saya don kada a tsare shi a hanya. Bai taɓa ganin wanda aka biya ba. A ƙasar nan gaba ɗaya kuɗin inshora bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tattalin arziki ba. Dokar Inshora ta 2003 ta wajabta inshora a kan gine-ginen da jama'a ke shiga da benen da ake ginawa mai hawa fiye da biyu, an kuma sabunta dokar a 2025, amma ku zagaya gidajen kwanan ɗalibai na haya a Samaru da Kongo ku tambayi takardar. Na biyu shi ne addini: malamai da yawa suna ganin inshorar kasuwa da riba da garari, wato rashin tabbas, a cikinta. Sai dai malaman ba su rufe ƙofa ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta halatta inshorar taimakekeniya, wato takaful, inda kuɗin gudummawa ne na masu asusun, mai kula da shi ladan aikinsa kawai yake ɗauka, abin da ya yi rara kuma na masu shi ne. Sudan ta fara tun 1979, hukumar kula da inshora ta Najeriya, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, akwai kamfanonin da suke da lasisi yanzu haka. Asalinsa ma yana cikin abin da Manzon Allah (SAW) ya yaba wa Ash'ariyawa, da suke tara ɗan abincin da ya rage musu wuri ɗaya su raba daidai. Matan da suka shekara suna zubin adashi ba sa bukatar dogon bayani. Bambancin kawai, a nan kwasar ta wanda masifa ta faɗa wa ce. 'Yan uwanmu Kirista na Wusasa da Sabon Gari ma ba abin da zai hana su shiga.

Na san tsara harkar inshora hurumin Tarayya ne, ba naku ba. Amma kasuwanni da filaye da izinin gini da magudanan ruwa a hannun jiha da ƙananan hukumomi suke, kuma nan ne roƙona yake. Ku yi dokar da za ta kafa asusun bala'i na jiha, a jingina zubinsa a kan abin da ake biya dama, tunda mu ba mu da inshorar gobarar da Niyu Zilan ta jingina nata a kai. Turkiyya, bayan girgizar 1999, ta ɗaure tata da takardar mallakar gida, daga baya har da jan wuta da ruwa. Mu muna da kuɗin hayar rumfa a kasuwa, da harajin fili, da kuɗin izinin gini. Kada a fara da kowane gida a jiha, abin zai kashe kansa. A fara da kasuwa ɗaya ko biyu, misali ta Sabon Gari da ta Tudun Wada, inda rumfuna suke da lamba, shugabannin 'yan kasuwa sun san kowa, gobara kuma ba baƙuwa ba ce. A bar kamfanin takaful mai lasisi ya riƙe haɗarin, ya sayi kariya daga waje, don kada gobara ɗaya ta cinye asusun kamar yadda birni ɗaya ya durƙusar da AMI. Biyan kuma a yi shi irin na Japan: mataki uku, kuɗi sananne a manne a ƙofar kasuwa, da wa'adin kwanakin da doka ta yanka. Kada asusun ya kuskura ya ce shi zai yi gyara da 'yan kwangilarsa. Niyu Zilan ta gwada ta sha wuya, mu kuwa kun san inda kwangila take ƙarewa. A ba mutum kuɗinsa a asusunsa na banki, ya nemi maginin da ya yarda da shi.

Babbar tambayar da za a yi muku a kasuwa ita ce wa zai riƙe kuɗin, kuma tambaya ce mai kyau. In dai asusun zai zauna inda za a iya ranto shi a biya albashi ko a yi hidimar zaɓe, gara kada a fara, don zai zama sabon haraji ne kawai da sunan tausayi. Dokar ta ware shi daga baitulmalin gwamnati, amintattunsa su haɗa da wakilan masu zubi da masarauta da malaman addinai biyu, a riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a rediyo da Hausa duk wata uku, da sunan kasuwa da adadin rumfunan da aka biya.

Sai maganar da na ce zan dawo kanta. Asusun Niyu Zilan yana kashe wani kaso a kan bincike. Shi ne ya ɗauki nauyin kafa na'urorin auna motsin ƙasa na GeoNet a 2001. Mu ma muna bukatar taswirar da za ta nuna inda Kubanni da Galma da ƙananan rafuka suke kaiwa idan sun cika, kuma masanan da za su zana ta suna nan Samaru. Amma ina gaya muku tsakani da Allah, ranar da mutane suka ga ma'aikaci da jan fenti a bakin rafi, rusau za su tuna, kuma ba wanda zai sake ba da haɗin kai. In za a ce wa mutum ya tashi, a rubuta a doka cewa za a biya shi ƙimar gidansa kafin a shata layin, a nuna masa inda zai koma, ko yana da takardar mallaka ta zamani ko ta gado ce a hannun mai unguwa. Wanda kuma ya zo neman izinin sabon gini a cikin hanyar ruwa, a hana shi tun a takarda, ko ɗan wane ne, a kuma sa injiniya ya riƙa duba tsofaffin masallatai da makarantu da coci-coci kafin kowace damina.

Abin da nake roƙo a yanzu ƙarami ne. Kwamitocinku da ke kula da muhalli da kasuwanci su kira zaman jin ra'ayin jama'a a nan Zariya, ba a otal a Kaduna ba, kafin ruwan bana ya sauka. A gayyato shugabannin kasuwanni, da kamfanonin takaful, da NAICOM, da malaman jami'a, da masu unguwannin da ruwa ya saba ci, a yi zaman da Hausa. In an kira, zan zo da takardun awon gidajen da na duba, bayan na cire sunayen masu su, don ku ga nawa katanga ɗaya take ci a farashin yau.

Allah Ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wani mai awon gini,
Tudun Wada, Zariya.